Asalinmu Tashar Jirgi

Kakana na wajen uba ya rasu da hantsin wata Talata a gidansa na Dawaki, kafin la'asar har an kai shi. Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. A kan makarar da shi da kansa ya haɗa wa masallacin unguwa aka ɗauke shi, wadda ya sha cewa ya rage mata nauyi ne don kada masu ɗaukarsa su yi ta tsaki a hanya.

Da aka zauna makoki ina tsakanin zaure da tsakar gida, ina kai ruwa ina kwashe kwanuka, kunnena a buɗe. Kowa da irin Kakan da ya sani. Liman ya ce bai tuna ranar da ya juyo bayan sallama bai gan shi a sahun gaba ba. Kafintocin da suka koyi riƙe zarto a hannunsa, waɗansu har da furfura, suka ce mutum ne mai faɗa a kan aiki, in ka kafa ƙusa a karkace sai ka cire ta ko da ana kiran magariba. Waɗansu tsofaffin sojoji suka zo suna dogara sanda, suka ce tare aka sallame su bayan yaƙin basasa, amma ko sau ɗaya bai taɓa zama an yi hirar yaƙin da shi ba. Akwai kuma wani dattijo mutumin Barno da rikicin nan ya koro, ya zauna a bakin tabarma har lokacin da zai tashi. Ya ce, "Shi ya sa mana ƙofa." Daga nan ya nemi takalmansa.

Dangin Dada, wato kakata matarsa, sun zo mota-mota daga rugage da ƙauyuka. Ta wajen Kaka kuwa ba wanda aka nuna aka ce wannan nasa ne, kuma ba wanda ya yi mamaki, don haka muka taso, kamar daga sama ya faɗo da gudumarsa a hannu. Ashe mutum ɗaya ta zo daga wajensa, mu ne kuma muka kore ta. Abin da ya zaunar da ni rubutu ke nan. Ina so in an tashi tuna shi a tuna shi da asalinsa, ko da hakan zai sa a tuna mu da abin da muka yi.

Ni ce jikarsa ta fari, saboda haka ni ce amaryarsa tun ina rarrafe. In na shiga shagonsa da ke jikin zaure sai ya ce, "Amarya, yau ma ba tuwo?" In ce, "Mijin da ba ya cefane ai sai ya ci garin katako." Ya yi dariya har fensirin da ke maƙale a kunnensa ya faɗi. Wannan wasan ne ya ba ni bakin tambayarsa abin da 'ya'yansa ba sa iyawa.

"Maigida, wai mu 'yan ina ne?"

"Asalinmu tashar jirgi. Nan na sauka, nan na ga gari."

"To kafin tashar fa?"

"Ke kin taɓa jin katako ya faɗi dajin da aka saro shi? Miƙo min wancan kurfin in goge katakon nan."

Iyakar abin da na taɓa samu ke nan. Babanmu, ɗansa na fari, ma'aikacin gwamnati ne da ke zaune a unguwar Federal Low-Cost, shi kuma sai ya cike gurbin da abin da ya fi sauƙi. In an tambaye shi sai ya ce mu Fulanin Gombe ne, ya jingina da Dada. Kaka kuwa gajere ne, baƙi, mai faɗin kafaɗa, in ya yi Fulatanci Dada sai ta rufe baki da mayafi. Ni ma haka nake faɗa a makaranta, har da ɗaga hanci, hancin da ko makaho ya shafa ya san ba na Fulani ba ne.

Yana da wani babban gwangwanin madara da yake tara tsofaffin ƙusoshi. Duk ƙusar da ya tsinta a hanya, komai lanƙwasarta da tsatsarta, sai ya sa a aljihu. In aiki ya yi sauƙi ya zauna a bakin shago da ƙaramar guduma da guntun ƙarfen reluwe, yana miƙe su ɗaya bayan ɗaya. Yaran shago suna ganin rowa ce. Shi kuwa cewa yake yi, "Ƙusa in ta lanƙwashe ba mutuwa ta yi ba, duka ta sha." Ba ya bari kowa ya taɓa gwangwanin nan, har ni.

Sai kuma maganar benci. Kowace shekara in an gama girbi, an fara jin hayaniyar Kirsimeti a kasuwa, sai ya ajiye duk aikin da ke gabansa, ya je da kansa ya zaɓo katakon maɗaci, ya haɗa dogon benci guda ɗaya. Shi kaɗai yake yinsa, ba ya barin yaro ko ya riƙe masa, kuma da ƙusoshin gwangwanin nan yake kafa shi. In ya gama, wani direban a-kori-kura mai bin hanyar kudu ya zo ya ɗaure shi a bayan mota ya tafi. In an tambaya na wane ne, ya ce oda ce. Na sha tsokanarsa, in ce mai odar nan ko dai makaranta ya buɗe ko kuma cin benci yake yi. Ko a shekararsa ta ƙarshe, hanyoyi duk shingen sojoji, hannunsa na rawa har zarto na ƙwace masa, sai da ya yi bencin nan.

Labarin dattijon Barno kuwa, ga yadda aka yi. Kaka ya je aikin rufi a Barunde ya ga wani kango da mutane a ciki, an rataya buhu a madadin ƙyaure, ga 'yan mata manya a gidan. Washegari ya ɗora tsofaffin ƙyamare a baro ya tura har can. Maƙwabta suka ja shi gefe, suka ce ya yi hankali, yanzu ba a yarda da baƙo, ba a san ko su wane ne ba. Ya ce, "Wanda ya gudo ba a tambayarsa daga ina, ruwa ake ba shi." Ya kafa ƙofofinsa ya tattara kayan aiki, ko sunan mutumin bai tambaya ba. Mun sha ba da wannan labarin da alfahari, har a zaman makokin ma mun ba da shi.

Abu ɗaya da ban taɓa jin daɗinsa ba a halin Kaka shi ne zamansa da Babanmu. Rashin kiran sunan ɗan fari ba baƙon abu ba ne, kowa na yi. Amma shi ko fuskarsa ba ya kallo. Baba zai zo da safiyar Asabar ya durƙusa a bakin shago yana gaisuwa, Kaka na amsawa idonsa a kan katako. Da sauran 'ya'yansa kuwa har tafawa yake yi. Mutane suna yabawa, wai ya fi Fulanin ma kunyar ɗan fari, Baba ma a waje haka yake faɗa yana murmushi. Amma na taɓa jin yana gaya wa Mamanmu cewa ko a kasuwa suka haɗu ba ya jin tsohon zai gane shi, tun da bai taɓa duban fuskarsa ba. Ya faɗa kamar wasa, amma bai ci abincin da aka ajiye masa ba.

Sau ɗaya na ga sun yi sa-in-sa. Bayan bam ya tashi a tasha, garin ya rikice, ƙannena biyu maza suka ce soja za su shiga. Baba ya yarda, ya kai su Dawaki neman albarka. Kaka ya ajiye zarto.

"Duka biyun?"

Baba ya ce, "Duka biyun. Tare suka nema."

"In dole ne ɗaya ya je. Ciki ɗaya ba a tura biyu. Wanda ya dawo shi kaɗai, me zai gaya wa uwarsa?"

"Allah ya ba ka haƙuri, ai kai ma ka yi sojan nan, ga ka da ranka ka dawo."

"Wa ya ce maka na dawo?"

Ya ɗauki guduma ya yi jifa da ita jikin bango, mutumin da ko tef ɗin awo ba ya ajiyewa da ƙarfi. Muka watse sumui-sumui. A mota Baba ya ce tsufa ne. Daga baya dai babban ya tafi, ƙaramin ya haƙura, kuma ba wanda ya sake waiwayar maganar.

Yanzu sai ranar sadakar uku. Wanda ya zauna a Gombe a shekarun nan ya san yadda taro ya koma. Ko suna ne ko jana'iza, sai an tare bakin layi da benci, samari na tsaye da na'urar laluben jiki, kuma ba abin da ake tsoro kamar mace da jaka. Da hantsi na fito da faranti cike da waina zan kai wa maza, sai na ga an yi cirko-cirko a bakin layi. Wata tsohuwa ce ta sauka daga keke-napep, gajeriya, baƙa, da zane da riga da ɗankwali, ba mayafi, ta rungumo jakar bakko. Samarin suka sa ta ajiye jakar can nesa, ta buɗe da kanta. Riɗi ne a ƙulle cikin leda, sai wani ɗan ƙoƙo mai murfi, ba komai a ciki.

Ta ce, "Na zo gaisuwan mai katako. Ni na gida ne."

Aka ce wane gida. Sai ta ɗaga ƙoƙon. "Ina so a ba ni ƙasan kabarinsa. Kaɗan, hannu ɗaya."

Kowa a garin nan ya san abin da ake cewa ana yi da ƙasar kabari. Na ji wani ya ce matsafiya ce, wani ya fara a'uziyya. Aka kira Baba ya fito. Tana ganinsa ta saki ƙoƙon a cikin jaka, ta kafa masa ido. Ta faɗi wata kalma guda da yaren da ba mu sani ba, ta miƙa hannu za ta taɓa fuskarsa. Ya ja da baya.

"Kallon me take yi mini haka? Baiwar Allah, nan gidan Musulmi ne, ba a irin wannan a nan. A ba ta sadaka ta kama gabanta."

Ni ce da faranti a hannu. Na zuba waina a leda na miƙa mata daga nesa, da bakin yatsu, ina karanta Ayatul Kursiyyu a zuci. Ta karɓa da hannu biyu, ta ɗan rusuna, ta ce, "Na gode, 'yata." Ta ajiye ƙullin riɗin a kan bencin da aka tare hanya, ta juya. Baba ya ce kada kowa ya taɓa da hannu. Wani saurayi ya sa sanda ya tura shi cikin kwata.

Na koma ciki da zafina in kai wa Dada labari. Tana ɗakinta cikin takaba, da carbi a hannu. Ina ba ta ina ƙara gishiri, har da kwaikwayon Hausar matar. Ban ankara ba sai na ga carbin ya tsaya.

"Da ta ga babanki, me ta yi?"

Na ce hannu ta miƙa za ta shafa fuskarsa.

Dada ta ja mayafi ta rufe fuska. Can ta ce, "Kira mini shi." Tun da nake ban taɓa jin ta aika a kira mata ɗanta na fari ba, saƙo take ba wani ya kai.

Ta juya fuska wajen bango ta yi magana, Baba na durƙushe a bakin ƙofa, ni ina raɓe a gefe. Ta ce su Kaka su uku uwarsu ta haifa a wani ƙauye a gindin duwatsun kudu, shi da ƙaninsa da autarsu mace. Da aka zo ɗibar soja ya ba da sunansa, ƙanin ya ce ƙafarsa ƙafar wansa. Uwar ta riƙe wuyan hannun babban ta ce, kai ka tafi da shi, kai za ka dawo mini da shi. A wajen ƙetare wani kogi aka buɗe musu wuta, ƙanin ya tafi a ruwa, ko gawarsa ba a gani ba. Da yaƙi ya ƙare ya hau jirgi ya sauka a Gombe. Ga motar ƙauyensu tana lodi, ya zauna a kan akwatinsa yana kallo har ta cika ta tashi. Gobe ma haka, jibi ma haka. Wani kafinta da ke kusa da tashar ya lura da shi, ya ji ya iya aikin katako tun a soja, ya ja shi shago. A hannunsa ya musulunta, shi ya nema masa aure.

"Matar da kuka kora autarsu ce," in ji Dada. "Ta taɓa zuwa gidan nan, kai kana makarantar kwana. Ta ce tsohuwa ba lafiya, tsohuwar ta ce ya zo, ba ta riƙe shi da komai ba. Ya juya mata baya yana ta yankan katakon da ba wanda ya sa shi. Abin da ya ce kawai, da wane ido. Ta zauna har la'asar, na dama mata fura, ta tafi."

Na ce, "Bencin fa, Dada?"

"Gaisuwarsa ke nan. Baki ya kasa, hannu ya yi."

Ta ce daga baya direban ya kawo saƙon rasuwar tsohuwar, da maganarta ta ƙarshe. Cewa ta yi in bai zo da ƙafarsa ba, ranar da ya kwanta a ɗebo ƙasarsa a zuba a kanta. Kaka ya roƙi Dada kada 'ya'yansa su ji yana raye. "Na ce in an share makoki zan faɗa. Ban san za ta riga ni ba."

Ban san yadda zan kwatanta kunyar da na ji ba. Ba irin ta an kama ka da laifi ba ce, wadda in ka ba da haƙuri take wucewa. Ina tsaye ina jin maiƙon wainar nan a yatsuna. Matar da ta fito ciki ɗaya da Kaka ta zo makokin wanta, jikarsa ta ba ta sadaka kamar mabaraciya, a ƙofar gidan mutumin da ya ce ba a tambayar baƙo, ruwa ake ba shi. Ko ruwan ba mu ba ta ba. Baba ya tashi, ya bar hularsa a ƙasa, ya tafi tasha. Ya dawo bayan azahar, an ce motarsu ta daɗe da tashi.

Maganar ƙasar ba ta zo da sauƙi ba. Baffana, ƙanin Baba, ya ce sam, bidi'a ce, kuma in aka ji 'ya'yan mamaci sun ɗebi ƙasar kabarinsa sun kai garin da ba Musulmi ba, da wane baki za su yi bayani a masallaci. Ya ƙara da cewa abin da tsoho ya rufe da ransa, don me za a tone bayan ransa. Ba zan ce maganarsa ba ta da kai ba. Ni kaina na yi tunanin ƙawayena da na yi shekaru ina gaya musu mu Fulani ne, na kuma ji kunyar cewa wannan ne ya fara zuwa mini a rai. Baba ya je wajen liman shi kaɗai. Liman ya ce ƙasa ba ta amfanar mamaci kuma ba ta cutar da shi, kabarin dai kada a taɓa, amma gefensa ƙasar Allah ce, zumunci kuwa ba a ce sai da Musulmi ba.

Baba ya shiga shago ya juye ƙusoshin Kaka a faranti, ya tafi maƙabarta da gwangwanin. Na ce da ni za a je. Ya ce hanya ba kyau. Na ce ni na miƙa mata ledar. Ya ƙyale ni, mijina ma bai hana ba. Kafintoci suka nemo mana direban, ashe shi ma ya manyanta, a wajen mahaifinsa ya gaji motar da ɗaukar bencin duka. Da ya ji abin da ya faru ya riƙe baki. Ya ce, "Ni na kai mata labarin rasuwar. Wallahi na zaci kun san ta."

A wani shinge bayan mun bar gari, wani soja matashi ya leƙo ya ga gwangwani a cinyar Baba.

"Mene ne a ciki? Buɗe."

Baba ya buɗe. "Ƙasa ce."

"Ƙasar me?"

Baba ya dubi gwangwanin. Sannan ya ce, "Tsohon soja ne. Gida muke mai da shi."

Sojan ya dubi ƙasar, ya dubi Baba. Ya mayar da murfin da hannunsa, ya je ya janye duron da ya tare hanya.

Ƙauyen na gindin dutse, gidaje da shingen duwatsu, ga karan dawa an jingine ko'ina. Kafin gidan direban ya tsaya a gaban wani ɗan coci mai rufin kwano, ya ce mu duba. Baba ya tsaya a bakin ƙofa bai shiga ba, ni na leƙa ta taga. Ga su nan jere, layi bayan layi. Na gaba sun yi baƙi sun yi santsi saboda zama, na baya-bayan nan suna da sauran haske. Na can ƙarshe ƙafarsa ɗaya ta ɗan karkace, na gane shi, don ina shagon ranar da zarto ya ƙwace masa. Direban ya ce na farko-farkon tsakar gidan tsohuwar, uwar su Kaka, suka cika, da wuri ya ƙare ta riƙa bayarwa nan. Amma duk sabon da ya zo sai ta fara zama a kansa yini guda, tana shafa shi, kafin a ɗauka.

Mun sami ƙanwar Kaka a tsakar gida tana sheƙe dawa. Na durƙusa a gabanta. Ta kakkaɓe hannu, ta sa aka kawo mana ruwa, ta nuna mana benci. Ba ta tambayi abin da ya kawo mu ba. Ta dube ni ta ce, "Kun ci riɗin?"

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Baba ne ya amsa, kansa a sunkuye. "Mun zubar, Goggo."

Ta ce, "Akwai wani."

Ya miƙa mata gwangwanin da hannu biyu. Ta buɗe, ta daɗe tana kallo, sannan ta miƙe ta ce mu biyo ta. Kabarin uwarsu na bayan gida a ƙarƙashin wata tsamiya, an kewaye shi da duwatsu. Ta durƙusa da ƙyar, ta fara magana da yarensu a hankali, irin yadda ake yi wa mai barci magana, direban yana mayar mana da Hausa ƙasa-ƙasa. Ya ce tana cewa, Mama, ga babban, na kawo shi, ya daɗe a hanya. Ta zazzage ƙasar, ta bubbuga gindin gwangwanin don kada a bar saura, ta baje da tafin hannu.

Na zaci an gama. Sai ta dafa dutse ta tashi, ta kama wuyan hannun Baba ta jawo shi bakin kabarin. Ta ɗaga hannu zuwa fuskarsa, wannan karon bai ja da baya ba. Ta sake faɗin kalmar nan da ta faɗa a bakin layinmu.

Baba ya ce wa direban, "Me take cewa?"

"Sunan ƙaninsu ne, wanda ya tafi a ruwa. Ta ce ranar da ta gan ka ta zaci shi ne ya fito daga zaure."

Ta juya ga kabarin ta ƙara magana, hannun Baba na cikin nata. Direban ya share ido da hularsa kafin ya fassara. "Ta ce, ga ƙaramin ma. Duka biyun sun dawo."

Baba ya tambaye ta da kansa, da wata murya da ban san shi da ita ba. "Goggo, haka nake kama da shi?"

Ta ce, "Har haƙori. Wanda ya san shi ba zai iya kallonka ba."

Mutum mai furfura, mai 'ya'ya har da suruki, ya zauna daɓas a ƙasa da farar shaddarsa ya yi kuka kamar yaro. Abin da nake iya ji a ciki kawai shi ne, ashe ba ƙina yake yi ba. Goggo ta bar shi ya yi, tana riƙe da hannunsa.

Mun dawo da riɗi cike da gwangwanin. Ƙusoshin suna nan a faranti a shago, ba wanda ya iya zubar da su, kuma Baba ya gaya wa kafintocin su nemo maɗaci in an gama girbi. Yanzu in an tambaye ni 'yan ina ne mu, ina faɗin sunan ƙauyen, ko da yake har yau muryata kan yi ƙasa in zan faɗa, kuma ina jin haushin kaina a kan haka.

Allah ya jiƙan Kaka, ya yalwata masa kabarinsa, ya sauke masa nauyin da ya ɗauka shi kaɗai tun daga bakin kogin nan, ya sa ya tashi ranar tsayuwa da idon da zai iya ɗagawa. Mu kuma da muka tura riɗin a kwata, Allah ya yafe mana.